Darasin lissafi: lamba 1 267 000

Ranar Litinin da safe Malam Abdu ya shigo aji, ya ce kowa ya ɗauki allonsa da alli.

— Zan faɗi faɗin ƙasarmu Nijar, ku rubuta shi da alƙaluma. Murabba'in kilomita miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu da sittin da bakwai.

Yara suka duƙufa, jim kaɗan suka ɗaga allunansu. Sani ya rubuta 1 200 067. Rabi ta rubuta 1 267 000. Habu kuwa ya rubuta 1 260 007. Nan take gardama ta kaure, kowa yana cewa shi ne ya ji daidai.

— Ku yi shiru, in ji Malam. Dukanku kun ji daidai. Laifin na bakin mai faɗi ne. Amma faɗin Nijar shi ne abin da Rabi ta rubuta.

Abin da ya kawo rikicin shi ne kalmar dubu. In an ce "dubu ɗari biyu da sittin da bakwai", mai ji bai san inda dubbai suka tsaya ba. Wani zai ɗauka sun tsaya ga ɗari biyu, wani ga sittin, wani ga bakwai. Saboda haka mai son a gane shi yakan maimaita kalmar, ya ce: miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu da dubu sittin da dubu bakwai. In kuwa lambar Habu ake nufi, sai a ce: miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu da dubu sittin, da guda bakwai.

Kuskuren ba ƙarami ba ne. Tsakanin lambar Rabi da ta Sani akwai 66 933. Jihar Maraɗi dukanta murabba'in kilomita 41 796 ce. Ke nan Sani ya zubar da abin da ya fi jihar Maraɗi girma, da alli ɗan guntu. In da kuɗi ake magana, da an kai ga alƙali.

Gidaje da unguwanni

Lambar tana da alƙaluma bakwai, kowane yana zaune a gidansa. Ana fara ƙidayar gidaje daga dama: gidan ɗaiɗai, gidan goma-goma, gidan ɗari-ɗari. Gida uku su ne unguwa guda. Unguwar farko ta ɗaiɗai ce, ta biyu ta dubbai, ta uku ta miliyoyi. Don a ga unguwannin sosai ne ake barin ɗan fili tsakaninsu wajen rubutu.

A cikin 1 267 000 unguwar farko ba kowa, sifiri uku ne ke tsaron gidajen. Sifiri ba shi da kome, amma in aka kore shi sauran alƙaluma sai su gangaro dama, lamba ta koma 1 267.

Mutum zai iya rubuta wannan lamba kafin ya haɗiye yawu, amma ƙidaya ta wani abu ne dabam. A kwana guda, dare da rana, akwai daƙiƙa 86 400. Wanda ya zauna yana ƙirga tsakuwa ɗaya kowace daƙiƙa, ba ci, ba barci, sai ya yi kwana 14 da kusan awa 16 kafin ya gama. Mutanen da, zamanin da ake ciniki da wuri, ba su ƙirga ɗaya-ɗaya. Biyar-biyar suke jan wurin da yatsu, suna tara shi tsibi-tsibi, in ya kai 20 000 su ce keso guda. Wuri 1 267 000 keso 63 ne da saura 7 000.

Abin da wutsiyar lamba ke faɗi

Malam ya tambaya:

— Wannan lamba cika ce ko mara?

Habu ya fara shirin rabawa da biyu. Rabi ta ce:

— Cika ce, Malam, don ta ƙare da sifiri.

Lamba cika ita ce wadda in an jera ta biyu-biyu ba a bar ko ɗaya shi kaɗai ba. Mara ita ce mai barin ɗaya. Masu sallar dare sun san su da sunayensu na Larabci, shafa'i da wuturi. Ba sai an duba dukan lamba ba, alƙalamin ƙarshe ya isa, domin goma tana rabuwa biyu, ɗari ma haka, dubu ma haka. Abin da ke gidan ɗaiɗai shi kaɗai ke iya kawo saura. In 0 ne, ko 2, 4, 6, 8, lamba cika ce kome tsawonta.

Haka yake ga 5 da 10. Lamba mai ƙarewa da 0 ko 5 tana rabuwa da biyar, mai ƙarewa da 0 tana rabuwa da goma. Ga 4 da 25, alƙaluma biyu na ƙarshe ake dubawa, tun da 4 x 25 = 100. Ga 8 da 125, uku na ƙarshe, tun da 8 x 125 = 1 000. Lambar nan ta ƙare da sifiri uku, saboda haka dukan waɗannan suna raba ta ba saura:

1 267 000 : 2 = 633 500
1 267 000 : 4 = 316 750
1 267 000 : 5 = 253 400
1 267 000 : 8 = 158 375

Rabon takwas ya dace da jihohin Nijar takwas: Agadas, Difa, Doso, Maraɗi, Tawa, Tilaberi, Damagaram da Yamai. Da an yanka ƙasar daidai wa daida, kowace jiha za ta sami murabba'in kilomita 158 375. Damagaram da Difa ne kaɗai suka yi kusa da haka, ɗaya tana da 155 778, ɗaya 156 906. Agadas ita kaɗai ta kwashe 667 799, fiye da rabin ƙasar, Yamai kuwa 255 ne kurum. Lissafi yana faɗin abin da zai rabu, amma ba shi ke raba ƙasa ba.

Rabon ƙauyuka uku

Lamba ba ta damu da abin da ake ƙirgawa da ita ba. Malam ya goge kilomita, ya ce:

— Yanzu ku ɗauka kuɗi ne. Manoman ƙauyuka uku sun haɗa albasarsu, sun sayar, sun sami 1 267 000 na sefa, watau jika 1 267. Sun yi alkawarin rabawa daidai. Za su rabu?

Sani ya ce za su rabu mana, lambar da 2 da 4 da 5 da 8 suka raba, uku ce za ta gagare ta? Malam bai ce masa kome ba, sai ya rubuta a babban allo:

1 + 2 + 6 + 7 + 0 + 0 + 0 = 16

Ga 3 da 9 wutsiya ba ta faɗin kome. Ana tara dukan alƙaluman lamba. In jimlar ta rabu da uku, lambar ma ta rabu, in jimlar ta bar saura, lambar ma wannan sauran za ta bari. A cikin 16 akwai uku sau biyar, da saura 1. To, kuɗin manoma ba za su rabu uku ba, za a bar tamma guda. In da tara za a raba, saura 7 ne, tun da 16 tara ce da bakwai.

Ba tsafi ba ne, ga dalilinsa. Goma ita ce 9 da 1. Ɗari ita ce 99 da 1. Dubu ita ce 999 da 1, miliyan kuma 999 999 da 1. Su 9 da 99 da 999 duk suna rabuwa da uku, suna rabuwa da tara. Saboda haka in an zo rabo, kowace dubu ɗaya takan ajiye, dubu bakwai su ajiye bakwai. Dubu goma-goma guda shida su ajiye shida, dubu ɗari-ɗari guda biyu su ajiye biyu, miliyan ya ajiye ɗaya. Abin da aka ajiye duka shi ne 16, kuma a kansa kaɗai ake sauran magana.

Sani bai yarda ba sai da ya yi doguwar rabawa. Ya sami 422 333, da saura 1.

Rabi ta ɗaga hannu. Babanta shi ne ma'ajin ƙungiyar manoman ƙauyensu, ta kuwa sha ganin yadda ake rabo a zauren gidansu.

— Malam, ai ba wanda za a ba 422 333. Ina za a samo tamma uku? Dala ce ƙaramar kuɗi a kasuwa.

Gaskiyar Rabi. A takarda ana rubuta tamma, a hannu kuwa dala ake miƙawa, dala guda tamma biyar. Sai a mayar da kuɗin dala: 253 400. A tara alƙaluman: 2 + 5 + 3 + 4 = 14. A cikin 14 akwai uku sau huɗu, da saura 2. Ke nan kowane ƙauye zai karɓi dala 84 466, watau 422 330, a bar dala biyu a faifai. A takarda sauran tamma guda ne, a zaure dala biyu. Ma'ajin da bai san haka ba, in an tambaye shi ina tamma tara suka shiga, zai rasa ta cewa, alhali bai ci ko anini ba. Wanda ya sani yakan faɗa tun kafin a kwance jaka: "Dala biyu za su rage, ku shawarta abin da za a yi da su." Daga nan ba mai zarginsa.

Tun da 3 ba ta raba lambar ba, 6 ma ba ta raba ta, haka 9, 12, 15, da kowace lamba mai uku a cikinta.

Lambobi gagara-rabo

Bakwai ba ta da gajeriyar hanya mai sauƙi irin ta biyu ko uku, sai an gwada. Amma ba sai an ɗauki lambar dukanta ba. A ajiye sifiran, a dubi 1 267. Ita ce 1 260 da 7. Bakwai sau 180 shi ne 1 260, a ƙara bakwai guda: 7 x 181 = 1 267. Ta rabu. A shekarun 1970 manyan sassan mulkin Nijar bakwai ne, da an raba musu ƙasar daidai, kowane zai sami murabba'in kilomita 181 000.

Yanzu an san 1 267 000 = 1 000 x 7 x 181. Dubu tana ƙara farfasuwa: ita ce 8 x 125, takwas ita ce 2 x 2 x 2, ɗari da ashirin da biyar kuma 5 x 5 x 5. Su 2 da 5 da 7 ba su fasuwa kuma. Ba abin da ke raba su sai 1 da su kansu. Irin waɗannan lambobi su ne gagara-rabo, da Faransanci a ce nombres premiers. Na farkonsu su ne 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, 19. Ba a sa 1 cikinsu, domin mai raba ta guda ne kaɗai. Biyu ita kaɗai ce cika a cikinsu, sauran duk mara ne.

Sauran 181. Malam ya raba wa yara aiki. Biyu da biyar ba su raba ta, wutsiya ta nuna. Uku ma haka, tun da 1 + 8 + 1 = 10. Habu ya gwada 7, ya sami 25 da saura 6. Sani ya gwada 11, ya sami 16 da saura 5. Rabi ta gwada 13, ta sami 13 da saura 12. Habu ya kama 17, sai Malam ya tsai da shi.

— Don me, Malam? Ai da sauran lambobi da yawa kafin 181.

— Nawa ne 17 x 17?

— 289.

— Ya wuce 181. In da akwai lambobi biyu da za a ninka su ba da 181, tilas ɗayarsu ta kasa 17. Ƙananan kuwa duk mun gwada su.

Ashe 181 gagara-rabo ce. Aka rubuta:

1 267 000 = 2 x 2 x 2 x 5 x 5 x 5 x 7 x 181

Waɗannan takwas su ne tubalan da aka gina lambar da su. Ko ta ina aka fara fasa ta, ko da 10, ko da 56, ko da 905, a ƙarshe waɗannan tubala za a tarar, ba ƙari ba ragi. Babu kuma wata lamba dabam mai irin waɗannan tubala daidai. Lambar da ba gagara-rabo ba, kamar wannan, ana ce mata haɗaɗɗiya.

Masu raba ta nawa ne?

Wanda zai gwada 1, 2, 3, har zuwa 1 267 000 don ya san masu raba ta, zai tsufa bai gama ba. Tubalan sun isa. Kowane mai raba ta daga cikinsu ake gina shi. Tubalan 2 guda uku ne: mutum na iya barinsu duka, ko ya ɗauki ɗaya, ko biyu, ko uku. Hanya huɗu ke nan. Tubalan 5 ma hanya huɗu. Bakwai, ko a ɗauka ko a bari, hanya biyu. Haka 181.

4 x 4 x 2 x 2 = 64

Masu raba ta 64 ne, har da 1 da ita kanta. In an ɗauki 2 x 5 x 7 an sami 70. In an ɗauki 2 x 2 x 181 an sami 724. In ba a ɗauki kome ba, 1 ke nan. Shi ya sa 16 ba ta raba ta: tana son tubalin 2 guda huɗu, uku ke akwai.

Girman lamba ba shi ne yawan masu raba ta ba. Lamba 720 720 ba ta kai ta ba, amma masu raba ta 240 ne, kuma kowace lamba daga 1 har 16 tana raba ta. Ita ce irin kuɗin da ma'aji ke so a ba shi.

Su 64 ɗin nan biyu-biyu suke tafiya: 1 da 1 267 000, 2 da 633 500, 875 da 1 448, 905 da 1 400. Waɗanda suka fi kusa da juna su ne 1 000 da 1 267. Fili mai tsawon kilomita 1 267 da faɗin kilomita 1 000 girmansa ɗaya da Nijar. Babu lambar da aka ninka da kanta ta ba da 1 267 000, saboda haka ita ba murabba'i ba ce kamar 25 ko 144. Ta faɗa tsakanin 1 125 x 1 125 = 1 265 625 da 1 126 x 1 126 = 1 267 876. Tubalan ma sun nuna haka. A cikin murabba'i kowane irin tubali yawansa cika ne, don a kasa su kashi biyu iri ɗaya. Nan kuwa uku ne, uku, ɗaya, ɗaya.

Akwai wani tsohon kashi da malaman Girka suka yi wa lambobi, wanda Sabit bin Ƙurra ya juya littafinsa zuwa Larabci a Bagadaza cikin ƙarni na 9. Ana tara masu raba lamba, ban da ita kanta. In jimlar ta yi daidai da lambar, kammalalliya ce, kamar 6 = 1 + 2 + 3, da 28 = 1 + 2 + 4 + 7 + 14. In ta kasa, lambar mai ƙaranci ce, kamar 8, tun da 1 + 2 + 4 = 7. In ta zarce, mai yalwa ce, kamar 12, wadda masu raba ta suka ba da 16. Ga 1 267 000 ba sai an tara duka 63 ba. Rabinta da rubu'inta da kashi ɗaya cikin biyar da kashi ɗaya cikin bakwai sun ba da 1 384 650, sun riga sun wuce ta. Mai yalwa ce. Jimlar duka 2 140 040 ce.

Maƙwabciyarta

Daf da tashi Malam ya ƙara ɗaya, ya rubuta 1 267 001.

— Biyu tana raba wannan?

— A'a, saura ɗaya.

— Biyar fa? Bakwai fa? Ɗari da tamanin da ɗaya fa?

Yara suka yi shiru kaɗan, sa'an nan Sani ya ce:

— Duk saura ɗaya, Malam. Ɗayan da aka ƙara ne ba ya rabuwa.

Lambobi biyu masu bin juna ba su da mai raba su tare sai 1. Da wannan dabara Uƙlidis, wanda ya koyar a Iskandariyya ta Masar wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, ya nuna gagara-rabo ba su da iyaka. In wani ya ce ga su nan duka ya tara, sai a ninka su da juna, a ƙara ɗaya. Ba ko guda cikin nasa da za ta raba sabuwar lambar. Ko dai ita kanta gagara-rabo ce, ko kuwa tana da tubalin da ba ya cikin tarinsa. Ko ta yaya, tarin bai cika ba. A shekarar 2024 an gano wata gagara-rabo da kwamfuta, mai alƙaluma 41 024 320. Ita ma akwai waɗanda suka fi ta.

Aka buga ƙararrawa. Habu ya tsaya yana gwada 3 da 11 da 13 a kan 1 267 001, sai da Rabi ta kira shi sau biyu.

Aiki

1. A rubuta waɗannan da kalmomi, yadda mai ji ba zai ruɗe ba: 1 200 067, 340 005, 345 000.
2. Ga faɗin sauran jihohi: Tawa 113 371, Tilaberi 97 251, Doso 33 844. A tara su da na biyar ɗin da ke cikin darasi. Nawa aka samu?
3. Cikin jihohin takwas, waɗanne ne faɗinsu cika, waɗanne ne mara? Waɗanne 3 ke rabawa?
4. In ƙauyuka shida ne za su raba dala 253 400, nawa kowane zai samu, dala nawa za su rage?
5. A fasa 86 400 har a kai ga tubalanta, a faɗi yawan masu raba ta.
6. Nawa ne mafi ƙanƙanta da za a ƙara wa 1 267 000 don 9 ta raba ta?